Adalci: ɗaya ne a duniya, ko kowace al'umma da nata?

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin matasanmu na Damagaram, musamman waɗanda suka yi karatun boko kuma suke bin labaran duniya, wato cewa babu wani tsayayyen abu da ake kira adalci, abin da mai ƙarfi ya ga dama shi ke zama doka, daga baya a raɗa masa kyakkyawan suna. Dattawa kuwa sukan sassauta maganar su ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: Bature da adalcinsa, Bahaushe da nasa, Babarbare da Bafulatani da Ba'abzine kowa da nasa, saboda haka kada wani ya yi wa wani hukunci da al'adar da ba tasa ba. Ban yarda da ko ɗaya daga cikin maganganun nan biyu ba, amma ba na raina su, domin tarihin garin nan kaɗai ya ishi mai faɗinsu hujja.

Faransa ta shelanta a shekarar 1789 cewa ana haihuwar mutane 'yantattu, daidai wa daida wajen haƙƙi. Bayan shekara 110, sojojin wannan ƙasa ƙarƙashin Voulet da Chanoine suka ƙone garuruwa tun daga bakin Kwara, suka yi kisan gilla a Birnin Ƙonni cikin watan Mayu na 1899, sa'an nan ragowar rundunar ta ci Damagaram da yaƙi a Tirmini a ƙarshen Yuli, da sunan ɗaukar fansar Kyaftin Cazemajou da aka kashe a nan a 1898. Aka bi Sarki Amadu Kuran Daga aka kashe shi. A 1906 aka tuɓe magajinsa, Amadu ɗan Bassa, bisa zargin shirya tawaye, aka kai shi gudun dole, aka ɗora Ballama, bawan fada, a kan jama'a. Abin da ya biyo baya shi ne dokar 'yan ƙasa, wadda a farkon zamaninta ta ba kwamanda ikon kulle mutum har kwana 15 ba tare da alƙali ko shaida ba, da aikin dole wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Ranar 10 ga Disamba 1948 da aka amince da sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta duniya, ƙasashe 48 suka jefa ƙuri'ar yarda, 8 suka ƙaurace, kuma daga nahiyar Afirka gaba ɗaya Masar da Habasha da Laberiya da Afirka ta Kudu ne kawai ke da kujera a zauren. Wanda ya san wannan, idan ya ji wata babbar ƙasa tana wa'azin adalci na kowa da kowa ya taɓe baki, ba zan ga laifinsa ba. Zargin ma ya girme mu nesa: tun a zamanin Aflatun, masanin falsafa na tsohuwar Girka, an sami wanda ya tsaya a gaban malaminsa Sukurat ya ce adalci ba kome ba ne face abin da ke amfanar mai ƙarfi.

To amma a tsaya a duba abin da muke nufi idan muka ce Nasara sun zalunci kakanninmu. Ba cewa muke yi sun saɓa wa al'adar Damagaram ba, kamar baƙon da ya shiga zaure da takalmi. Cewa muke yi sun aikata abin da su ma sun san mugu ne, abin da ba za su yarda a yi wa 'ya'yansu ba, kuma muna sa ran duk mai hankali, ko a Sin yake ko a Faransa, idan ya ji labarin zai gane haka. Idan kuwa gaskiya ne kowace al'umma da adalcinta, ko kuma adalci shi ne son ran mai ƙarfi, to bakinmu ya mutu, domin kwamanda zai ce shi ma da adalcin gidansu ya yi aiki, kuma a lokacin shi ne mai ƙarfi. Ba ya yiwuwa mutum ya yi kukan an zalunce shi, sa'an nan ya ce babu wani abu da ake kira zalunci wanda ya hau kan azzalumin. A ganina mafi yawan masu cewa babu adalci ba inkarinsa suke yi ba. Takaicin rashinsa ne ya cika musu ciki har ya fito da wannan lafazi.

Malaman fiƙihu sun taƙaita ma'anar adalci da cewa ajiye kowane abu a muhallinsa, da bai wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Masana shari'ar Rum sun faɗi kusan haka tun kafin zuwan Musulunci. Wannan bayani bai faɗi mene ne haƙƙin kowa ba, shi ya sa wasu ke cewa fanko ne, amma yana ɗauke da sharuɗɗan da ba su da sauƙin kaucewa: kada mai ƙara ya zama shi ne alƙali, a saurari ɓangare biyu kafin a yanke, kada a kama wani da laifin wani, kuma hukuncin da aka yi wa wannan a yi wa wancan idan al'amarinsu ɗaya ne. Tiyar wata kasuwa ba ta kai ta wata ba, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan bambanci cuta. Amma mai awon da ke ajiye babbar tiya ta saye da ƙarama ta sayarwa, ko a kasuwar Dole yake ko a Kano ko a Makka, macuci ne, kuma shi kansa ya sani, shi ya sa yake ɓoye ɗayar a ƙarƙashin buhu. Da irin waɗannan mutane aka buɗe Suratul Muɗaffifin, waɗanda idan za su karɓa sai a cika musu, idan za su bayar sai su tauye.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin watanda ya ga waɗannan sharuɗɗa suna aiki ba tare da littafi ba. Mutanen unguwa sun haɗa kuɗi sun sayi sa, mahauci ya feɗe, ya shiga kasa nama kashi-kashi a kan shimfiɗa, kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa da ɗan yankin hanta da tumbi da kitse, masu kuɗi suna tsaitsaye suna cewa a rage nan a ƙara can. Idan an gama, a wurare da yawa ba a barin kowa ya zaɓa. Kowa ya ba da alamarsa, wannan tsinke, wancan tsakuwa, a kira yaron da bai ga mai kowace alama ba ya ɗora su a kan kashin. Dalilin wannan wahala shi ne, muddin ba wanda ya san kashin da zai faɗo masa, to kowa zai dage a daidaita su duka. A 1971 wani masanin falsafa ɗan Amurka, John Rawls, ya gina babban nazarinsa a kan wannan tunani: dokokin adalci su ne waɗanda mutane za su amince da su idan ba su san matsayin da za su samu a cikin al'umma ba, ko attajiri ko matalauci, ko namiji ko mace, ko mai lafiya ko naƙasasshe. Shi bai san watanda ba, mahautanmu ba su san shi ba, amma hankali ya kai su wuri guda.

An ma gwada abin a aikace. A 2001 wasu masu bincike ƙarƙashin Joseph Henrich suka buga sakamakon wani wasa da suka yi a ƙananan al'ummu 15 na nahiyoyi daban-daban: a ba mutum kuɗi ya raba da wani, idan wancan ya ƙi rabon duka su tashi a tutar babu. Rabon ya bambanta ƙwarai. Mutanen Machiguenga na Peru sun miƙa kashi 26 cikin ɗari a matsakaici, masuntan Lamalera na Indunusiya, waɗanda abincinsu ya dogara ga farautar haɗin gwiwa, suka miƙa 58. Mai cewa kowa da nasa zai riƙe wannan bambanci. Ni abin da na riƙe shi ne ba a sami al'umma ko ɗaya da ta ɗauki cinye duka a matsayin daidai ba, kuma yawan abin da ake bayarwa ya bi yadda mutane ke dogara da juna wajen neman abinci, wato bambancin yana da dalilin da baƙo zai iya fahimta.

Musulmi zai tambaya ko ba wahayi ne kaɗai ke faɗin abin da ke adalci ba. Tsohuwar muhawara ce. Mu'utazilawa sun ce hankali da kansa yana gane kyakkyawa da mummuna. Ash'arawa, waɗanda a kan aƙidarsu aka karantar da mafi yawan malaman zaurenmu, suka ce hukunci da lada da azaba ba sa tabbata sai da shari'a. Maturidawa suka tsaya tsakani. Sai dai ko Ash'arawa ba su ce ɗan Adam ba ya jin ɗacin zalunci kafin a aiko masa manzo ba, saɓanin yana kan abin da ke wajabta hisabi ne. Tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya isa shaida. Da aka tsananta wa sahabbai a Makka, ya umarce su da hijira zuwa Habasha domin a can akwai sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa, alhali Najjashi a lokacin Kirista ne. Tun yana saurayi ya halarci ƙawancen Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, inda wasu gidajen Ƙuraishawa, suna masu bautar gumaka, suka yi alkawarin tsayawa tare da duk wanda aka zalunta a Makka har a mayar masa da haƙƙinsa. Bayan annabta kuma ya ce da za a kira shi zuwa irinsa a cikin Musulunci da ya amsa. Da adalci abu ne da ba a gane shi sai a cikin addini guda, da waɗannan maganganu biyu ba su da ma'ana. Alƙur'ani kuma, a aya ta 8 ta Suratul Ma'ida, ya hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a ƙi yi musu adalci, a aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ya ce a tsaya da shi ko a kan kai ne ko iyaye ko dangi. Daga wannan tushe ne maganar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kawo ta fito, cewa mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci.

Inda mutane suke rabuwa da gaske wuri biyu ne, kuma haɗa su ne yake rikita tunani.

Na farko shi ne abin da za a duba wajen rabo: a raba daidai, ko a duba wahalar da kowa ya sha, ko buƙatarsa, ko wanda ya riga zuwa. Wannan saɓani ba tsakanin Afirka da Turai yake ba, yana nan a ƙofar gidan kowane mai gari daga Tanut zuwa Magarya idan kaka ta yi. Manomi ya durƙusa ya ce: «Ranka ya daɗe, gumina na damina guda aka cinye a dare ɗaya, ga zangarniya nan a tattake, da me zan ciyar da iyali?» Makiyayi ya dogara da sandarsa ya ce: «Ranka ya daɗe, burtalin nan tun kakana muke bin sa zuwa rijiya, bara ba gona a wurin, bana an nome shi har bakin ruwa, ta sama shanu za su bi?» Ba wanda ya ce shi ƙarfi gare shi don haka a ba shi. Kowannensu haƙƙi yake kira, kowanne kuma ya fahimci hujjar ɗan'uwansa sarai, ko da bai so ta rinjayi tasa ba. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 ƙoƙari ne na sa wa wannan gardama iyaka: a shata burtali, a tsayar da ranar sakin gonaki, a kafa hukumomin filaye, a fara da sulhu a gaban sarakuna kafin a je kotu. Inda aka yi sakaci kuwa an ga abin da ya faru a Toda ta jihar Maraɗi a 1991, inda aka hallaka mutum wajen ɗari, galibinsu mata da yara na makiyaya, aka kama su da laifin da ba su suka yi ba. Irin wannan saɓani na rabo ba zai ƙare ba, kuma ba aibi ba ne ƙasa mai ƙarancin ruwa ta tsara shi dabam da ƙasa mai dausayi; mazhabarmu ta Malikiyya ma ta ba al'adar wuri matsayi a hukunci matuƙar ba ta ci karo da nassi ba.

Na biyu ya fi muni, shi ne wa ake lissafawa cikin mutanen da adalci ya shafa. Dokokin Hammurabi na Babila, kimanin shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, sun buɗe da cewa an kafa su ne don kada mai ƙarfi ya danne mai rauni, amma a cikinsu wanda ya tsiyaye idon ɗan babban gida a tsiyaye nasa, na talaka a biya azurfa, na bawa a biya rabin kuɗinsa. Aristo, almajirin Aflatun, wanda ya yi bayanin adalci da kyau, ya ce wasu mutane bayi ne tun a halitta. Waɗanda suka rubuta a Amurka a 1776 cewa an halicci mutane daidai, da yawansu suna da bayi a gonakinsu. Mu ma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ƙarfin Damagaram a zamanin Sarki Tanimun, da ganuwarta da igwoginta, wani ɓangarensa daga harin bayi da cinikinsu zuwa arewa ya fito. Duk waɗannan al'ummu sun san ka'idar, kuma suna aiki da ita a tsakanin waɗanda suka ɗauka mutane ne cikakku. Abin da suka yi shi ne fitar da wasu daga lissafi. Shi ya sa duk gyaran da aka taɓa samu bai zo da sabuwar ka'ida ba, tsohuwar aka juyo wa masu ita aka ce ku cika ta.

Shari'ar Hadijatu Mani ta nuna wannan a ƙasarmu. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12 a kan jikka 240 ta zama wahaya, wato baiwar da ake ajiyewa a matsayin mata ta biyar, a yankin Ƙonni. Majalisa ta mayar da bauta babban laifi a 2003, aka ba ta takardar 'yanci a 2005, amma da ta auri wanda take so sai aka yanke mata ɗaurin wata shida bisa zargin aure kan aure. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a zamanta na Yamai, ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. Alƙalan 'yan Afirka ta Yamma ne, ƙungiyar Timidriya da ta tsaya mata ta 'yan ƙasa ce. A duk tsawon shari'ar, hujjar al'ada daga ɓangaren wanda ya saye ta take fitowa. Wannan ne abin da nake roƙon mai karatu ya riƙa dubawa duk lokacin da aka ce masa «haka al'adarmu take»: wa ya faɗa, mai cin moriyar al'adar ko wanda take ci? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ban taɓa jin wanda aka ƙwace wa gona, ko aka ɗaure ba shari'a, ya ce a ƙyale shi domin a garinsu hakan adalci ne ba. Abin da yake cewa shi ne Allah ya isa.

Haka nake kallon rigimar kotun duniya ta manyan laifuffuka, wadda ta fara aiki a 2002. Amurka da Rasha da Sin ba sa cikinta, amma suna zaune a Kwamitin Sulhu da ya miƙa mata batun Darfur a 2005 da na Libiya a 2011, kuma a shekarunta goma na farko duk waɗanda ta tuhuma 'yan Afirka ne. Ƙorafin da ake yi a kan haka daidai ne. Sai dai ƙorafi ne na cewa an yi son kai wajen zartar da ka'ida, ba na cewa kisan farar hula halal ne a Afirka ba. Shari'ar Hissène Habré, tsohon shugaban Cadi, wanda wata kotu ta musamman da Senegal da Tarayyar Afirka suka kafa ta yanke masa ɗaurin rai da rai a Dakar a 2016 bayan waɗanda ya azabtar sun yi shekaru fiye da ashirin suna bin haƙƙinsu, ta nuna cewa ana iya ƙin son kan manyan ƙasashe ba tare da an yafe wa azzalumin gida ba.

Saura wuri mai wuya, wanda ba zan yi kamar ban gan shi ba. A batun gado, Bature yana ganin adalci shi ne ɗa da 'ya su sami daidai. Musulmi yana bin aya ta 11 ta Suratun Nisa'i, namiji ya sami rabon mata biyu, malamai kuma suna bayyana hikimar da cewa sadaki da ciyarwa da tufatarwa da muhalli a wuyan namiji suke. Wannan saɓani na gaske ne, shi ne ma ɗaya daga cikin dalilan da suka sa Nijar ta sa sharaɗi lokacin da ta shiga yarjejeniyar kawar da wariya ga mata a 1999, kuma har yau ba ta da kundin dokar iyali, kotuna suna hukunci da al'adar masu shari'a tare da mashawarta masana al'ada. Ni Musulmi ne, ina bin nassi, ba na kuma tsammanin muhawara za ta kawar da wannan bambanci nan kusa. Amma a lura cewa ɓangarorin biyu suna kawo dalili ne da ɗayan zai iya aunawa, ɗaya yana cewa mutuncinsu ɗaya, ɗaya yana cewa nauyinsu ba ɗaya ba. Ba wanda ya ce mace ba ta da haƙƙi.

Abin da ke faruwa a ƙauyukanmu da yawa kuwa bai yi daidai da ko ɗaya daga cikin biyun ba. Uba ya rasu, a raba tufafi da dabbobi da 'yan kuɗi, idan aka zo kan gona sai 'yan'uwa maza su ce mace aure za ta yi, kada ƙasar gida ta koma hannun bare, a ba ta damin hatsi a sallame ta, ko a ce an ajiye mata rabonta a wurin yayanta har abin ya bi ruwa. Idan aurenta ya mutu ta dawo da 'ya'ya, sai ta yi aron ɗan gefen gonar da ita ma take da rabo a cikinta. Aya ta 7 ta wannan sura ta ce mata suna da rabo daga abin da iyaye da makusanta suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, rabo yankakke, kuma ba ta cire gona ba. Yayin da muke jayayya da baƙi a kan rabi ko daidai, wannan rabin da ba mai musunsa a cikinmu shi ne ake hanawa, musamman a kudancin jihar inda jama'a ta yi yawa gonaki suka tsuke. Limamin da ya raba gadon, da mai garin da ya shaida, da hukumar filaye da ke ba da takarda, kowannensu yana da ikon ya ƙi sa hannu har sai an auna gonar an fitar wa 'ya'ya mata nasu da sunansu.